Mai Bincike da Mai Gabatar da Ƙara: Tarihin Kula da Masu Binciken Laifi a Niyok da Shikago

Gabatarwa

Kowace shari'ar laifi ƙafa biyu gare ta. Ta farko ita ce bincike, watau tattara shaida, da neman waɗanda suka ga abin da ya faru, da yi wa wanda a ke tuhuma tambayoyi. Ta biyu ita ce gabatar da ƙara a gaban alƙali. Mai bincike shi ya ga gawa, shi ya ga jini, shi ya zauna da wanda a ke tuhuma cikin ɗaki a rufe. Lauyan gwamnati kuwa, wanda zai tsaya gaban kotu ya nemi a ɗaure mutum ko a kashe shi, galibi bai ga kome ba sai takardun da aka miƙo masa. In takardun nan gaskiya ce a cikinsu, to madalla. In kuwa ƙarya ce, to da bakinsa za a faɗe ta, da sunan hukuma kuma za a zartar da ita.

Saboda haka tambayar wanda zai kula da mai bincike tsohuwar tambaya ce a kowace ƙasa mai kotuna. Amsar da manyan biranen Amurka suka bayar ita ce a ajiye waɗansu masu bincike cikin ofishin lauyan gwamnati, a ƙarƙashin ikonsa, domin ya san abin da su ke yi tun daga tushe. Tarihin Niyok da na Shikago tun daga 1930 ya nuna abin da wannan tsari ya ke iya haifarwa in an riƙe shi da kyau, da kuma ɓarnar da ya ke jawowa in an sake shi.

Asalin ofishin

A Ingila ta dā, wanda aka cuta shi ke kai ƙara da kansa, da kuɗinsa. Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka ba su daɗe a kan wannan al'ada ba. Cikin 1704 yankin Konetikat ya yi doka cewa kowace gunduma ta sami lauya mai gabatar da ƙararrakin laifi da sunan hukuma. Da farko naɗa su a ke yi, amma cikin 1832 Jihar Misisipi ta fara zaɓensu ta hanyar ƙuri'a, Jihar Niyok ta bi sahu cikin 1846. Ƙidayar da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta yi a 2007 ta sami irin waɗannan ofisoshi 2,330, mafi yawansu kuwa zaɓaɓɓu ne ke riƙe da su.

Daga nan matsalar ta samo tushe. 'Yan sandan birni a ƙarƙashin magajin gari su ke, shi kuwa babban lauyan gunduma jama'a suka zaɓe shi dabam, saboda haka babu wanda ya ke ubangidan wani. Wannan ya sha bamban da tsarin Faransa, inda tun dokar 1808 mai gabatar da ƙara ya ke da iko a kan 'yan sanda masu binciken laifi, tsarin da Jamhuriyar Nijar ta gada. Ya kuma sha bamban da abin da Nijeriya ta gada daga Ingila, inda 'yan sanda ke bincike, Atone-Janar kuma ya ke da ikon karɓe ƙara ko janye ta a ƙarƙashin sashe na 174 da na 211 na tsarin mulkin 1999.

Don su cike wannan giɓi, lauyoyin gundumomin manyan birane suka bi hanya biyu. Ko dai su ari 'yan sandan ciki daga rundunar birni su ajiye su a ofishinsu, ko kuwa su ɗauki nasu masu bincike da kasafin kuɗinsu. Kowace hanya da cikas ɗinta. Ɗan sandan aro iyayengiji biyu gare shi, domin umurni daga lauya ya ke samu, amma albashi da ƙarin girma daga runduna su ke fitowa. Wanda aka ɗauka kai tsaye kuwa sau da yawa ɗan siyasar unguwa ne ya kawo shi.

Halin da a ke ciki a farkon shekarun 1930 ya fito fili cikin rahoton hukumar da Shugaba Herbert Hoover ya kafa a 1929 ƙarƙashin George Wickersham. Rahoton, wanda ya fito a 1931, ya tabbatar cewa tilasta wa mutum amsa laifi da duka, da hana barci, da tsarewa a ɓoye, abu ne da ya zama ruwan dare. Har ya ambaci yadda a Shikago a ke bugun mutum da ƙaton littafin lambobin tarho, don ya gigita ba tare da an ga tabo ba. Rahoton bai tsame lauyoyin gwamnati ba, domin kuwa su ne ke ɗaukar iƙirarin da aka samu ta wannan hanya su kai kotu. Cikin 1936 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisa da aka yanke wa waɗansu manoma baƙar fata uku a Misisipi, waɗanda aka yi wa bulala har suka amsa laifi. Lauyan da ya gabatar da ƙararsu, John Stennis, daga baya ya yi shekaru masu yawa a Majalisar Dattawa.

Niyok: zamanin Dewey

Tsakanin 1930 da 1932 tsohon alƙali Samuel Seabury ya binciki ƙananan kotuna da hukumomin birnin Niyok. Ya gano cewa 'yan sandan sashen hana karuwanci suna haɗa baki da 'yan rahotonsu su ƙulla wa matan da ba su ji ba ba su gani ba sharri, don a tatsi kuɗi a hannunsu. Binciken ya kai ga murabus ɗin magajin gari, Jimmy Walker, a watan Satumba na 1932. Duk wannan ta'asa an yi ta ne alhali ofishin babban lauyan gunduma na nan, bai tsawata ba.

A Amurka akwai abin da a ke kira juri, watau talakawan gari 12 da a ke zaɓa su saurari shari'a su faɗi ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Akwai kuma babban juri, wanda aikinsa shi ne ya duba ko shaidar da ke hannu ta isa a gurfanar da mutum. Cikin 1935 wani babban juri a Manhatan ya ƙi ci gaba da aiki da babban lauyan gunduma, William Dodge, bisa zargin cewa ba da gaske ya ke neman manyan 'yan caca ba. Gwamna Herbert Lehman ya naɗa Thomas Dewey, saurayi ɗan shekara 33, lauya na musamman.

Dewey ya fara ne da raba kansa da tsohon ofishi. Ya kama wuri a benen Woolworth, mai ƙofofi da yawa, don mai shaida ya shiga ya fita ba a gane inda ya je ba. Ya zaɓi mataimakan lauyoyi 20 da kansa. Ya ɗauki akantoci masu bin diddigin littattafan kuɗi, ya kuma sami rukunin 'yan sanda da aka tsamo masa musamman daga runduna. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, kowane reshen bincike an damƙa shi a hannun lauya tun ranar farko, maimakon lauya ya zauna jiran a kawo masa fayil bayan an gama.

Amfanin wannan ya bayyana ta hannun Eunice Carter, wadda ita kaɗai ce mace, ita kaɗai ce kuma baƙar fata, cikin mataimakan 20. Da ta duba takardun kotun mata, sai ta lura cewa karuwai da yawa labari iri ɗaya su ke bayarwa, lauyoyi ɗaya ke tsaya musu, masu beli ɗaya ke karɓarsu. Ta gane akwai hannu ɗaya a bayansu. A farkon Fabrairu na 1936 aka kai samame gidajen karuwai da dama a dare ɗaya. Ba a yi amfani da 'yan sandan sashen hana karuwanci ba, waɗanda aka aika kuma ba a gaya musu inda za su ba sai a ƙurarren lokaci. Aka kama fiye da mutum 100. Ran 7 ga Yuni, 1936, juri ya sami Charles Luciano, shugaban manyan miyagun birnin, da laifi 62, aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 50.

Amma fa nasarar ba ta rasa tabo ba. Matan da aka kama an sa musu belin dala 10,000 kowace, abin da aka san ba za su iya biya ba, aka tsare su watanni a matsayin masu shaida. Waɗansunsu mashaya ƙwaya ne, suna cikin azabar rashinta sa'ad da a ke musu tambayoyi. Cikin 1937 uku daga cikinsu suka janye shaidarsu, suka ce matsa musu aka yi. Kotu ta ƙi yarda da janyewar, hukunci ya tabbata. Duk da haka an ga cewa in lauya ya zama shi ne shugaban bincike, to kwaɗayin cin shari'a zai iya kama shi kamar yadda ya ke kama ɗan sanda. Dewey ya ci zaɓen babban lauyan gunduma a 1937, ya zama gwamna bayan zaɓen 1942, shi ne kuma ya sassauta wa Luciano hukunci a 1946 aka kora shi Italiya.

Hogan da shari'ar Whitmore

Frank Hogan, ɗaya daga cikin mataimakan Dewey, shi ya gaje shi a 1942, ya riƙe ofishin har ƙarshen 1973. Ya yi suna wajen ɗaukar ma'aikata ba tare da duba jam'iyyarsu ba, da kuma horar da su cewa sakin marar laifi aiki ne daidai da ɗaure mai laifi. An gwada wannan horo cikin 1964.

Ran 28 ga Agusta, 1963, aka kashe waɗansu 'yan mata biyu cikin ɗakinsu a Manhatan. Kisan ya girgiza birnin, watanni suka shige ba a kama kowa ba. A watan Afrilu na 1964 'yan sandan Buruklin suka kama George Whitmore, baƙar fata ɗan shekara 19, bisa wani zargi dabam. Suka sami hoton wata yarinya a aljihunsa, suka ce hoton ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe ne. Bayan tambayoyi na kusan yini da kwana, Whitmore ya amsa laifi, aka rubuta iƙirarinsa shafi 61. Wani mataimakin lauya daga ofishin Hogan ne ma ya je ya ɗauki iƙirarin. Manyan 'yan sanda suka shaida wa jaridu cewa magana ta ƙare.

Wani ƙaramin mataimaki a ofishin, Melvin Glass, bai gamsu ba. Ya lura cewa babu wani abu cikin shafi 61 ɗin nan wanda 'yan sanda ba su riga sun sani ba tun kafin su kama yaron. Ya kai shakkarsa gaban shugabanninsa, aka ba da izini a sake bin sawun shaidar. Masu binciken suka ɗauki hoton suka tafi garin Wildwood na Jihar Niyu Jazi, inda Whitmore ya taso, suka sami mai hoton da ranta da lafiyarta. Aka kuma sami waɗanda suka gan shi a garin ranar da aka yi kisan, ranar da Martin Luther King ya yi jawabinsa a Washinton. A watan Janairu na 1965 aka kama Richard Robles, wanda kotu ta samu da laifin a ƙarshen shekarar.

Hogan bai tsira daga suka ba, domin an zarge shi da jinkirin bayyana abin da ofishinsa ya gano, alhali lauyoyin Buruklin suna ci gaba da shari'a da Whitmore a kan wata tuhuma. Ba a wanke shi sarai ba sai 1973. Amma ba don wani a cikin ofishin ya sake auna aikin masu bincike ba, da mai yiwuwa an kashe shi. Shari'arsa tana cikin dalilan da suka sa Jihar Niyok ta soke mafi yawan hukuncin kisa a 1965, Kotun Ƙoli kuma ta ambace ta a hukuncin Miranda na 1966, wanda ya wajabta a sanar da wanda aka kama cewa yana da ikon yin shiru da ikon samun lauya.

Akwai kuma inda ofishin Hogan ya gaza. Da ɗan sanda Frank Serpico da abokinsa David Durk suka tona asirin cin hanci a rundunar birnin cikin 1970, aka kafa hukumar Knapp. Hukumar ta ce lauyoyin gundumomi sun dogara da 'yan sanda ƙwarai, har masu bincikensu ma 'yan sandan aro ne, don haka ba za a sa rai su binciki 'yan sanda ba. Kura ba ta cin kura. Gwamna Nelson Rockefeller ya naɗa Maurice Nadjari lauya na musamman a 1972, da nasa masu bincike. Shi ma hanyoyinsa suka wuce gona da iri, kotunan ɗaukaka ƙara suka rushe manyan hukunce-hukuncen da ya samu, aka sauke shi a 1976. An rufe ofishin a 1990.

Shikago: zamanin Gilbert

A gundumar Cook, wadda birnin Shikago ya ke cikinta, ofishin babban lauya yana da nasa rukunin 'yan sanda ƙarƙashin babban mai bincike. Cikin 1932 sabon babban lauya, Thomas Courtney, ya ba Kyaftin Daniel Gilbert wannan muƙami. Gilbert ya riƙe shi shekara 18. Lauyoyi suka zo suka tafi, shi yana nan, har ya zama ya fi waɗanda ya kamata su kula da shi sanin sirrin ofis da na jam'iyya.

A tsakiyar 1933 wani ɗan damfara, John Factor, wanda Ingila ke nema a miƙa mata shi, ya ɓace kwanaki, ya dawo ya ce sace shi aka yi. Ofishin Courtney ya ɗora laifin a kan Roger Touhy, mai fataucin giya a zamanin da aka haramta ta, kuma abokin gabar ƙungiyar Al Capone. Gilbert ya tattara shaidun. A watan Fabrairu na 1934 aka yanke wa Touhy ɗaurin shekara 99. Bayan shekara 20, a watan Agusta na 1954, alƙalin tarayya John Barnes ya saurari shaidu ya yanke cewa ba a taɓa sace Factor ba, shirin banza ne don ya kauce wa komawa Ingila, kuma an ɗaure Touhy ne da shaidar zur wadda Gilbert ya san ƙarya ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe umurnin saki saboda ƙa'idar hurumi, Touhy ya koma kurkuku bayan kwana biyu. An sake shi a watan Nuwamba na 1959, aka harbe shi har lahira ran 16 ga Disamba na shekarar.

Kafin nan ma asirin Gilbert ya riga ya tonu, amma daga waje. Cikin 1950 ya tsaya takarar shugaban 'yan sandan gunduma, kwamitin Majalisar Dattawa na Estes Kefauver mai binciken ƙungiyoyin miyagu ya kira shi a asirce. Ya amsa cewa dukiyarsa ta zarce dala 300,000, ya ce ya tara ta ne da cinikin hannun jari da yin caca a kan wasanni da zaɓe. Watau mutumin da aka ɗora wa rufe gidajen caca shi kansa ɗan caca ne. Jaridar Sun-Times ta samo bayanin ta buga shi kwanaki kaɗan kafin zaɓe. Jaridu suka yi masa laƙabi da ɗan sandan da ya fi kowa kuɗi a duniya, ya faɗi zaɓe, ya kuma ja jam'iyyarsa ƙasa. Cikin shekara 18 babu shugabansa ko ɗaya da ya ɗauki mataki a kan dukiyar da kowa ke gani.

Daren 4 ga Disamba, 1969

Edward Hanrahan ya ci zaɓen babban lauyan gundumar Cook a 1968, ya yi shelar yaƙi da 'yan daba, ya kafa sashe na musamman a ofishinsa mai 'yan sandan aro. Da asuba ran 4 ga Disamba, 1969, 'yan sanda 14 na wannan sashe suka faɗa wani gida a titin Monroe da takardar izinin neman makamai. Suka kashe Fred Hampton, ɗan shekara 21, shugaban ƙungiyar Black Panther ta Jihar Ilinoi, da Mark Clark, ɗan shekara 22, suka raunata waɗansu. Aka tuhumi mutum 7 da suka tsira da yunƙurin kisa.

A ranar Hanrahan ya fito gaban 'yan jarida ya yabi mutanensa, ya ce su aka fara buɗe wa wuta. Ya ba jaridar Tribune hotuna da aka ce ramukan harsasan 'yan ƙungiyar ne, washegari Sun-Times ta nuna kawunan ƙusoshi ne. Gidan ma ba a rufe shi ba sai bayan kusan mako biyu. A watan Mayu na 1970 babban juri na tarayya ya ba da rahoto cewa 'yan sanda sun harba harsashi tsakanin 82 da 99, ɗaya tak aka iya dangantawa da mutanen gidan. Rahoton ya soki ɗakin gwajin makamai na 'yan sanda da kuma binciken cikin gida da runduna ta yi. Aka janye tuhumar da a ke wa mutum 7 ɗin.

Ga inda tsarin ya karye: ofishin da ya aika a kai samamen shi ne ofishin da doka ta ba ikon binciken samamen. Sai da aka naɗa lauya daga waje, Barnabas Sears, kafin aka tuhumi Hanrahan da waɗansu 13 da haɗa baki don ɓoye gaskiya. Alƙali ya sallame su a watan Oktoba na 1972, amma a watan Nuwamba masu zaɓe, musamman a unguwannin baƙar fata, suka kayar da shi. Daga baya aka gano cewa wani ɗan rahoton hukumar FBI, William O'Neal, shi ya ba da taswirar gidan, har da inda gadon Hampton ya ke. Cikin 1982 gwamnatin tarayya da gunduma da birni suka biya diyyar dala miliyan 1.85.

Shikago ba ta gama koyon darasi ba. A 1982 wani likitan gidan waƙafi ya rubuta cewa ya ga alamun azabtarwa a jikin Andrew Wilson, wanda mutanen Jon Burge suka yi wa tambayoyi. Shugaban 'yan sanda ya aika da takardar ga babban lauyan gunduma, Richard M. Daley, ba a tuhumi kowa ba. Sai 1993 aka kori Burge, sai 2010 kotun tarayya ta same shi da laifin yin ƙarya a kan azabtarwar. A 2015 birnin ya ware dala miliyan 5.5 don biyan waɗanda aka azabtar.

Abin da Kotun Ƙoli ta ɗora

Sannu a hankali Kotun Ƙoli ta mayar da kulawa wajibi. A shari'ar Mooney ta 1935 ta ce amfani da shaidar zur da gangan ya saɓa wa tsarin mulki. A shari'ar Brady ta 1963 ta ce dole lauyan gwamnati ya miƙa wa wanda a ke tuhuma duk shaidar da za ta taimake shi. A shari'ar Giglio ta 1972 ta ce alkawarin da lauya ɗaya ya yi wa mai shaida, alkawarin ofishin ne duka. A shari'ar Kyles ta 1995 ta toshe mafakar ƙarshe, ta ce lauya ba zai fake da cewa 'yan sanda ba su gaya masa ba, domin wajibinsa ne ya nemo abin da ke hannunsu.

Sai dai kotun ta ɗora nauyi ba ta ɗora horo daidai da shi ba. A 1976 ta ce ba a neman diyya daga lauyan gwamnati saboda aikinsa na gaban kotu, ko da ya ke a 1993 ta ce in ya shiga aikin bincike kariyarsa ba ta wuce ta ɗan sanda ba. A 2009 ta faɗaɗa kariyar ga shugabannin ofis da suka kasa horar da mataimakansu. A 2011, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta soke diyyar dala miliyan 14 da aka ba John Thompson, wanda ya yi shekara 14 yana jiran kisa a Jihar Luwiziyana saboda an ɓoye sakamakon gwajin jini da zai wanke shi. Wannan ya sa gyara ya koma hannun jihohi da ofisoshin kansu. Ilinoi ta yi doka a 2003 cewa a riƙa ɗaukar tambayoyin shari'ar kisa a na'ura, gundumar Dalas kuma ta kafa sashe a 2007 mai sake duba tsofaffin hukunce-hukuncen ofishinta.

Kammalawa

Tsari ɗaya ne a Niyok da Shikago, watau masu bincike a cikin gidan lauya, amma abin da ya haifa ya bambanta gwargwadon yadda aka riƙe shi. Abu huɗu suka fito daga wannan tarihi. Na farko, mai bincike yana bin wanda ke riƙe da albashinsa da ƙarin girmansa ne, shi ya sa Dewey ya zaɓi mutanensa, shi ya sa kuma hukumar Knapp ba ta amince da 'yan sandan aro ba. Na biyu, kulawa ta gaskiya ita ce sake auna shaida, kamar yadda Glass ya sa aka bi sawun hoto guda har garin da aka ɗauke shi. Sa hannu a kan fayil bai kai matsayin kulawa ba. Na uku, muƙamin da ya daɗe a hannu ɗaya ba mai tambayar dukiyar mai shi, ƙarshensa irin na Gilbert ne. Na huɗu, in ana zargin mutanen gida, to daga waje mai bincike zai zo, shi ma kuwa sai an sa masa ido, kamar yadda ƙarshen Nadjari ya nuna.

Ɗalibin shari'a da ma'aikacin gwamnati wanda fayil zai bi ta teburinsa suna da rabo cikin wannan labari. Touhy ya yi shekara 25 a kurkuku a kan laifin da alƙalin tarayya ya ce ba a taɓa aikatawa ba, domin babu wanda ya tsayar da babban mai bincike ya tambaye shi inda ya samo shaidunsa. Whitmore kuwa ya tsira daga hukuncin kisa domin wani ƙaramin ma'aikaci ya karanta shafi 61 da natsuwa, ya kai shakkarsa gaba, shugabanninsa kuma suka saurare shi.